Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Shekaruna a Ɗakin Gashi

A makon jiya na tsaya ne a inda aka tura ni sashen gashin ƙashi na wani babban asibiti, bayan na kammala hidimar ƙasa. Baffa, wanda ya gaji ɗori a wajen kakanmu, bai taɓa raina aikina ba, sai dai duk ranar Juma'ar da na je gaishe shi yakan ce, "Ɗana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne halin wani babban likita da muka yi aiki tare, wanda ba ya turo mana mai shanyewar ɓarin jiki sai bayan an sallame shi ya yi watanni a kwance a gida. Kafin a kawo shi gwiwar hannu ta riga ta ƙage, yatsu sun dunƙule, kafaɗa ta saki saboda 'yan uwa suna jan hannun da ya mutu idan za su tayar da shi, ga kuma gyambon kwanciya a ƙugu, domin babu wanda ya gaya musu a riƙa juya shi duk bayan awa biyu. Alhali mafi yawan ƙarfin da ke dawo wa irin wannan majinyaci a watanni uku zuwa shida na farko yake dawowa. Na same shi a ofishinsa na ce, "Ranka ya daɗe, a bar mu mu fara ganinsu tun suna kan gado." Ya amsa mini da cewa tausa ba gaggawa ba ce. Allah Ya gani, da maganar Baffa na fito daga ofishin nan.

Ita ce kuma ta dawo mini bayan da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, aka shafe kusan shekara kafin a ci gaba. Cikin yaran da cutar ta kama, waɗanda iyaye suka kawo da wuri mun sa musu takalmin ƙarfe sun taka, waɗanda aka jinkirta kuwa sai da aka yi musu tiyata kafin ƙafar ta miƙe. Ranar da aka bayyana a watan Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin nau'in cutar, Baffa ya daɗe a kabari, ni kuma ciwon baya ya riga ya zaunar da ni, sakamakon shekarun da muka yi muna ɗaga manyan mutane daga gado zuwa keke ba tare da mataimaki ba. Shi ya sa duk ɗalibin da ya zo hannuna nake fara koya masa ya durƙusa da gwiwa, ya matso da majinyaci jikinsa, kada ya sunkuya da ƙugu.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan kawo yadda likitan nan ya turo mini mahaifiyarsa kwana uku da faɗuwarta.