Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Yadda Muka Buɗe Injin Motar Baba a Tsakar Gida

Makon jiya na tsaya a inda aka yi sadakar arba'in ɗin Baba, Allah Ya jiƙansa, aka miƙo mini makullin motarsa ina ɗan shekara 19. Peugeot 504 ce mai dogon baya, fara, wadda kowa a unguwarmu ta Yelwa a Garwa, arewacin Kamaru, yake kira Fijon Alhaji. Da ita ya ciyar da mu tun ina yaro. Ni ne ɗan fari, ƙannena biyar, ba wanda ya tsaya tambayata ko na shirya.

Ban cika wata biyu da fara jigila ba sai ga watan Janairun 1994, aka karya darajar kuɗinmu na sefa. Faran ɗin Faransa ɗaya da ake canzawa sefa 50 ya koma 100 a dare guda. Mu da ba mu taɓa riƙe kuɗin Faransa ba, a shagon kayan mota muka fara jin zafin abin. Duk abin da ya fito daga Turai sai da ya yi tsalle, wani ma ya ninka. Masu gareji su ma suka ƙara kuɗin hannu, kuma ban ga laifinsu ba, shinkafa ɗaya muke saye.

Lalacewar motar ta faru ne bayan ƙaramar salla, ƙarshen watan Maris. Wanda ya san Garwa ya san me nake nufi. Rana takan haura digiri 40, kwalta ta yi laushi, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanda. Ranar Lahadi ce, kasuwar Pitowa da ke kusa da Garwa na ci. Na yi sawu biyu lafiya. A sawu na uku na ɗauko mata da buhunan gyaɗa da wani dattijo da akuyarsa, motar ta zauna har ƙasa. Muna tafe, dutsen Tingelin na gefe, na ga allurar zafi ta wuce tsakiya tana hawa. Na gan ta da idona, ba zan ce ban gani ba. Na ce a raina saura kaɗan mu shiga gari, in na tsaya a nan matan nan za su sauka su hau wata motar, kuɗin ya tafi. Na ƙara taka totur.

Ba mu yi nisa ba tururi ya turnuƙe daga gaba, motar ta yi tari ta mutu. Na ɗaga bonet, na sa tsumma na murɗe murfin lagireto. Ruwan ya yi tsiri sama, ya zubo mini a hannun dama. Tabon yana nan har yau daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ban tsaya nan ba, cikin ruɗu na karɓi jarkar ruwan sanyi a wurin wata mai sayar da kunu na ɗura wa injin da ke ci kamar garwashi. Na ji wata ƙara siririya daga ciki. A lokacin ban san me ta ke nufi ba.

Janyo ta aka yi da igiya har gida.

Washegari wani makanike ya zo, ya zaro sandar awon baƙin mai, ya nuna mini. Man da na sani baƙi ya koma kalar shayi da madara. Ya ce ruwa ya haɗu da mai, gasket ɗin kan injin ya ƙone, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da jikinsa, wanda su masu bakin Faransanci suke ce wa juwan kilas. Kuɗin da ya yanka mini, ko zan kwana ina jigila wata biyu ba zan tara shi ba. Da ya fita na zauna a dakali na haɗa kai da gwiwa. Inna ta leƙo. Ba ta kiran sunana saboda alkunya, sai ta ce, "Kai, tashi ka je ka kira mini kawunka."

Kawu yayan Inna ne. Tun yana karen mota har ya zama direba, shekarunsa sun ƙare a kan hanyar Ngaundere zuwa Njamena, yana kwaso kayan da jirgin ƙasa ya sauke, domin a Ngaundere dogo ya tsaya. Yanar ido ce ta zaunar da shi. Ya zo da sandarsa da wata tsohuwar jakar buhu mai nauyi. Ya shafa jikin motar, ya sunkuya ya shinshina bakin lagireto, sannan ya ce, "Ɗana, idona ya tafi amma naka yana nan. Ni zan faɗa, kai za ka yi. Ka yarda?"

Na ce, "Kawu, ko fulogi ban taɓa kwancewa ba."

Ya ce, "Da koyo akan iya. Shimfiɗa mini tabarma a nan, inda zan ji ƙarar ƙarfe."

Muka tura motar ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Abu na farko da ya sa ni yi bai shafi injin ba ko kaɗan: na share wurin tas, na yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, na aro farantan Inna guda huɗu, na nemo kwali. Ya ce mafi yawan injin da ake gyarawa a gida ba rashin sani ke kashe shi ba, yashi ne da ɓatan noti. Daga nan na cire kan batir, na zubar da ruwa da gurɓataccen man, na kwance gidan iska da kafireto da bakin salansa. Duk abin da na cire, notinsa na cikin faranti ɗaya da shi.

Da na ɗaga murfin sama, na ga waɗansu sanduna siririya guda 8 da ke tura bawul, wato ƙofofin da ke shigar da iska da mai su fitar da hayaƙi. Kawu ya sa na huda kwali rami takwas a jere, na rubuta "gaba" a gefe ɗaya. Kowace sanda na zare, sai na soke ta a raminta. Ya ce kowace ta saba da mazauninta, ta ci shi ya ci ta, in ka sauya musu wuri za su yi ta surutu. Kusoshin da suka riƙe kan injin guda 10 ne. Ba a kwance ɗaya gaba ɗaya a koma na gaba. Daga na bakin gefe ake farawa, a sassauta kaɗan kaɗan, ana zagayawa ana matsowa tsakiya.

A nan ne aka zo wurin da har yau in na tuna nake yi wa Kawu addu'a. Kusoshi sun fita, na kama kan injin da hannu biyu zan ɗaga sama. Ƙarar da ya ji ce ta sa ya daka mini tsawa: "Kul! Sake shi!" Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Ya ce in matso. Ya bayyana mini cewa injin 504 ba kamar sauran ba ne. Ramukan da fistin ke hawa da sauka a ciki ba a jikin injin aka fafe su ba, kofuna ne na ƙarfe guda huɗu da aka zura, ruwa na zagaye su, kowanne yana zaune a kan wani siririn abin toshiya a gindinsa. In ka fizgo kan injin sama, kofunan na iya mannewa su biyo shi, abin toshiyar ya motsa. Ka gama aikinka, ka ɗaure komai, ruwa ya ci gaba da zuba cikin mai ta ƙasa, sai an sauke injin ɗungurungum. Sai ya sa na mayar da kusa ɗaya a kusurwa sako-sako, na sa katako na bubbuga kan a hankali ta gefe har ya juya a kan kusar kamar ƙofa. Da mannewar ta rabu, sannan ni da ƙanena muka ɗaga shi. Nan take Kawu ya zazzage jakarsa, ya lalubo manyan wasa, irin zoben ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin noti, da guntayen bututu, ya sa na danne bakin kofunan da su, na ɗaure da kusoshin. Ya ce, "Daga yanzu har mu rufe, ko da wasa kada wani ya juya injin nan." Ya sa aka cire makullin aka kai wa Inna ta ɗaure a bakin zane.

Na ga gasket ɗin da idona. Tsakanin kofi na biyu da na uku ya cinye, baƙi ƙirin. Kawu ya bi wurin da ɗan yatsa bai ce komai ba. Ya sa na kankare fuskar kan injin da reza a kwance, a hankali, domin alminiyam ne, ba ya son ƙarfi. Sannan na ɗora doguwar rula ta ƙarfe a kai ta tsaye, na durƙusa na hango ta wajen rana. Ya ce, "Kana ganin haske a ƙarƙashi?" Na ce ina gani a tsakiya, siriri kamar zare. Ya ce ruwan sanyin da na zuba ke nan, ya lanƙwasa shi. Wannan kam ba aikin tsakar gida ba ne. Na ɗaure shi a bayan keke na kai wurin masu injin gogewa suka daidaita fuskar. Kawu ya sha faɗa mini cewa mai gyara a gida dole ya san inda hannunsa ya tsaya, kuma na riƙe wannan. Har gobe ba na taɓa abin da ba ni da kayan awonsa.

Sabon gasket kuwa ba na Faransa muka saya ba. A wancan lokacin ana harhaɗa 504 a Kaduna, tun daga 1975, saboda haka kayanta sun cika kasuwannin Najeriya, 'yan kasuwarmu na shigo da su daga Jimeta. Inna ta sayar da tunkiyarta ɗaya. Ban so ba, ta ce ba shawara take nema ba.

Kwana biyun da muka yi muna jiran kan injin, Kawu bai bar ni na huta ba. Ya ce gasket ba ya ƙonewa haka kawai, mu nemo wanda ya fara laifin. Muka sauke lagireto. Gabansa ya toshe da ƙura da zaren auduga, irin wanda ke tashi daga manyan motocin da ke kai auduga masana'anta a wannan lokaci na shekara. Cikinsa kuma, da muka juye, wani jan ruwa ya fito da ɓarɓashin fari kamar kanwa. Ruwan rijiya ne na shekara da shekaru. Fanbel ya saki, ina danna shi da yatsa yana lotsawa sosai. Robar murfin lagireto ta tsage. Kawu ya ce mutane na raina murfin nan, alhali shi ke matse ruwan ya hana shi tafasa da wuri. A tukunya ruwa na tafasa a digiri 100, amma a matse yakan wuce haka bai tafasa ba. Shi ya sa in ka buɗe da zafi, matsin ya tafi, ruwan ya tafasa gaba ɗaya a fuskarka. Na dubi hannuna da ke naɗe da tsumma.

Akwai kuma wani ɗan ƙarfe mai sifirin a bakin tiyon sama, tamostat, wanda ke rufe hanyar ruwa in injin na da sanyi, ya buɗe in ya yi zafi. A garinmu da yawa cire shi suke yi su yar, wai ƙasarmu ba ta sanyi. Ni ban yarda da wannan ba, ko da yake na san manyan makanikai da za su yi mini musu. Wanda ya ƙera motar bai sa shi don ado ba, kuma injin da ke daɗewa bai ɗumama ba yana shan mai yana cin jikinsa, balle da asubar hunturu. Kawu bai ce a yar ba, bai ce a mayar ba, ya ce a gwada. Inna ta ɗora ƙaramar tukunya a murhu, na ɗaure abin da zare na zura cikin ruwa. Mu duka muka zagaye, har ƙannena mata. Mai lafiya yakan buɗe baki tun ruwa bai tafasa ba. Namu ruwa ya tafasa har yana tsalle, shi ko gezau. Inna ta ce, "To, ga ɓarawon." Muka sayo wani.

Ranar rufewa Kawu ya aike ni wurin wani tsohon abokin tafiyarsa na aro safana mai awon ƙarfi. Ya ce kowane noti na motar nan zai iya ɗaure shi da jin hannu, ban da waɗannan goma. Na goge ramukan kusoshin har suka bushe, na cire wasan da suka danne kofuna, na shimfiɗa gasket, muka sauke kan a hankali. Ɗauri kishiyar kwancewa ne: daga tsakiya ake farawa a yi waje, kuma ba a zagaye ɗaya ba. Sanduna takwas suka koma ramukansu, na gyara tazarar bawul yana saurare, na zuba sabon mai da ruwa mai tsabta. Ya ja mini kunne cewa in ta yi kamar kilomita 1000 a dawo a sake bin kusoshin, in damina ta faɗi kuma in riƙa tarar ruwan sama ina ajiye mata.

Ana kiran la'asar Inna ta kwance makullin daga bakin zanenta. Na yi bisimilla na murɗa. Sau biyu tana juyi ba ta kama ba. A na uku ta tashi, ta yi rawa, ta fitar da hayaƙi, sannan ta daidaita. Kawu ya miƙe da sandarsa ya ɗora tafin hannu a kan mudugad, ya karkata kai. Mun fi rabin awa a haka, ni idona na kan allura, shi kunnensa na kan injin. Allurar ta hau zuwa tsakiya ta tsaya cak. Inna ta juya ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai bayan magariba.

Da daddare muna cin tuwo a zaure sai ga sallamar Baffa, ƙanin Baba, tare da wani mutum da ban sani ba. Ya ce ya ji Fijo ta tashi, Alhamdu lillahi, to ga mai saye ya kawo, tunda ai motar gado ce ba a raba ba tukuna. Kawu ya ajiye lomar da ke hannunsa.

Abin da ya biyo baya sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.