Zanen fuskar manhaja: daga takarda zuwa samfuri mai launi

A ƙaramin kamfani irin namu, mai zana fuskar manhaja wa 'yan kasuwa, aikin hawa uku ne, kuma kowane hawa da tambayar da yake amsawa. Asara tana shigowa ne idan aka tsallake hawa don a burge kwastoma. Ka nuna masa zane mai launi tun ranar farko, zai shafe zaman yana gardama kan shuɗi da kore, babu wanda zai tambaya ko mai shago zai iya rubuta bashi da wannan abin kwastomomi na tsaye a gabansa.

A ɗauki manhajar rubuta bashi ta mai shagon kayan masarufi. Hawa na farko takarda ce. Ana ninka A4 gida huɗu, kowane gida fuskar waya ɗaya, a yi zane da alƙalamin maka mai kaurin baki, ba biro ba, don kada hannu ya samu damar shiga ƙananan abubuwa. Fuska huɗu sun isa: jerin masu bashi, sabon bashi, karɓar biya, da tunatarwa. Tambaya ɗaya ce a nan: dannawa nawa ke tsakanin buɗe manhaja da rubuta bashi? Idan ta wuce uku ko huɗu, mai shago zai koma littafinsa.

Ana gwada takardar kamar waya. Mutum ɗaya yana canja takardu duk sanda mai gwaji ya taɓa wani wuri, wani kuma yana rubuta inda ya tsaya yana tunani. Aiki ake ba shi: "Malam, wani ya ɗauki taliya kwali biyu bashi, rubuta shi." Daga nan a kama baki, domin da zarar an yi masa bayani gwajin ya lalace. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhaja, ya nuna a shekarar 2000 cewa mutum biyar suna bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, don haka gara a gwada da biyar, a gyara, a sake da wasu biyar, da a tara ashirin lokaci guda.

Hawa na biyu shi ne ƙwarangwal a kwamfuta, wato zanen da ke nuna inda kowane abu zai zauna a fuska, baƙi da fari da ruwan toka kawai. Balsamiq, kayan aikin zane a kwamfuta wanda ya fito a 2008, da gangan yake sa zane ya yi kama da na hannu don kada kowa ya ɗauka an gama. Figma, wani kayan zanen, shi ma yana yi, in mai zane zai iya danne zuciyarsa ya bar launi. Faɗin fuska muna sa shi 360 a ma'aunin fuskar Android da ake kira dp, domin shi ne ya yi daidai da yawancin wayoyin Tecno da Itel da ke hannun mutane. Tazara tsakanin abubuwan da ke fuska tana tafiya takwas-takwas: 8, 16, 24. Maɓalli kada ya gaza 48 a tsawo da faɗi bisa ƙa'idar Android, Apple kuma 44 ta ce.

A nan ne muke saɓa wa abin da aka saba. Da yawa suna cike gurbin rubutu da kalmomin Latin marasa ma'ana, su ce sai daga baya. Mu kuwa rubutun gaske muke sawa tun a ƙwarangwal, ko da komai toka ne. Umarnin da Turanci ke faɗa da kalma ɗaya, Hausa kan buƙaci uku ko huɗu. "Tabbatar da biyan kuɗi" ba zai zauna a maɓallin rabin fuska ba, sai ya karye layi biyu ko ya yanke, kuma idan sai bayan an yi launi aka gano, duk fuskokin za a sake. Haka lambobi: gurbin da ya ɗauki ₦500 a gwada shi da ₦12,450,000. Lambar asusun banki 10 ce, ta waya da BVN 11-11, a auna gurabensu da hakan. Sunan shago ma a sa mai kalma shida, ba mai biyu ba.

Fuskokin da ake mantawa su ma a nan ake zana su: ranar farko da babu bashi ko ɗaya a jeri, lokacin da intanet ta ɗauke ana tsakiyar ajiyewa, da lokacin da aka rubuta lambar waya ba daidai ba. Idan mai zane bai zana su ba, mai rubuta manhaja zai ƙirƙiro nasa, yawanci saƙon Turanci da ba wanda ya gane.

Sai hawa na uku, samfuri mai launi da ake dannawa ya motsa. Ba duk manhaja ake kai wa nan ba, hanya biyu ko uku da aka fi bi sun wadatar. Bambancin haske tsakanin rubutu da bango kada ya gaza 4.5 bisa 1, kamar yadda WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa amfani da shafukan intanet ga kowa, ta tanada, sannan a fita da wayar rana a duba, don toka mai haske da ke da kyau a ofis ɓacewa yake a bakin kasuwa. Salon haruffa kuma sai an tabbatar yana da ɓ, ɗ, ƙ da alamar naira. In babu, waya za ta aro su daga wani salon su fito daban, ko ta nuna akwati. Noto Sans yana da su duka. Gwaji a wayar gaske ake yi, a hannu ɗaya, ba a kwamfuta da linzami ba.

Haɗarin wannan hawa shi ne kwastoma ya danna ya ga abu na tafiya, ya ce to gobe a fitar da manhajar. Samfuri hotuna ne da aka haɗa, ba ya ajiye komai, ba ya kuma nuna yadda manhaja za ta yi nauyi a ƙaramar waya. Shi ya sa muke rubuta wannan a yarjejeniya, kwastoma ya sa hannu a ƙarshen kowane hawa, kuma duk canjin jerin fuskoki da ya zo bayan an shiga launi, kuɗinsa daban ne.