Talata, 30 ga Satumba, 2025: Zanen ranar 'yanci a bangon makaranta, Kumo

Gobe Najeriya ke cika shekara 65 da samun 'yancin kai, Jihar Gombe kuma shekara 29, tunda ranar 1 ga Oktoba, 1996 aka cire ta daga tsohuwar Jihar Bauchi. Dole zanen bangon makarantar firamaren da muka karɓa ya kammalu yau kafin magariba. Faɗinsa mita 4 ne, tsayi mita 2.

Shimfiɗar farko tun jiya ta bushe. An kankare tsohon fenti, an wanke ƙura, an shafa farin fentin ruwa hannu biyu. Galan ɗaya mai lita 4 ya isa har da ragowa. Sa'ar da aka yi, bangon tsoho ne. Sabon filasta sai ya yi kamar mako huɗu kafin a ɗora masa fentin mai, in ba haka ba danshi da gishirin siminti su kumbura shi ya riƙa ɓarewa.

Da hantsi, bayan raɓa ta ɗauke, muka ja layuka. Zanen yana kan takarda mai santimita 40 da 20, an raba ta gida-gida, kowane gida santimita 2. A bango kowane gida ya koma santimita 20, gida 200 ke nan. Igiya ake turmusawa a garin bula, mutum biyu su ja ta ta yi tauri, na uku ya ɗaga tsakiya ya saki, layi ya fito sak. Da alli ake kwafe zanen. Gawayi yana narkewa cikin farin fenti ya dusashe shi.

Tuta ce ta fi sauƙi, ita ce kuma aka fi ɓatawa. Faɗinta ninki biyu ne na tsayinta. Tamu santimita 120 da 60, kowane sashe 40, kore, fari, kore, a tsaye. Taiwo Akinkunmi ne ya tsara ta a 1959 yana ɗalibi a Landan, kuma a zanensa na asali akwai jar rana a tsakiya, alƙalan gasar suka cire ta. Saboda haka tsakiyar tutar da jama'a ke ɗagawa fari ne fes. Wasu masu zanen mota kan cusa mata tauraro ko taswira, wannan ado ne nasu. Koren ma sai an kula. Mai arha haɗin shuɗi da rawaya ne, rana takan cinye rawayar da wuri, kafin bazara ta wuce tuta ta koma shuɗi-shuɗi. Gara a sayi gwangwanin kore mai kyau ko da ƙarami ne, a tsinka shi da tina kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma. Idan aka labta kananzir, sheƙin ya mutu, bushewa kuma ta yi nawa. Selotef ɗin da aka kare gefuna da shi, tun fentin na da laushi ake zare shi.

Kwamitin makarantar ya nemi a sa Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a hannun dama. Daga hoton jikin takardar naira biyar muka ɗauko kamanninsa. Fuska da fentin mai ba ta son yawan gyara: launi uku, mai duhu, matsakaici da mai haske, a ajiye kowane a muhallinsa a bar shi. Mai komawa da buroshi sau biyar zai tashi da wani mutum dabam.

Tsakiyar bangon muka fi daɗewa a kai, wurin kaka. A nan ake gane mai zanen da ya san gona. Hotunan da ake saukewa daga intanet sukan nuna manomi da lauje yana yankan wani abu mai kama da alkama. Ba a girbe gero haka. Magirbi ake sare karan da shi daga gindi, a kwantar jeri-jeri ya sha iska, sannan a bi da wuƙa ana yanke zangarniya, a ɗaure dami-dami, a kai rumbu. Lauje na shinkafa ne da ciyawa. Lokacin ma sai an kiyaye: a farkon Oktoba gero ya shigo gida, masara ta bushe, amma dawa tana tsaye kore shar, sai wajen Nuwamba ko Disamba. Wanda ya zana jar dawa a ɗaure ranar 'yanci ya haɗa wata biyu a bango ɗaya. Mun bar dawar a tsaye daga nesa, wake na yaɗo a ƙarƙashinta. A gaba akwai 'yan gayya da makaɗinsu, mata biyu na sussuka, ɗaya na sheƙa, yara na gasa tumu a gefe. Filin kokawa da dambe, waɗanda su ma sai ciki ya cika ake buɗe su, mun matse shi a kusurwa don wuri ya ƙare.

Bayan la'asar wani dattijo ya tsaya ya ƙirga dammunan da yatsa.

"Ɗana, tara na gani a bakin rumbu. Ina na goma?"

"Ga shi can gefe, Baba, an ware."

"Madalla. To yanzu ya zama gonar Musulmi."

Ƙa'idar ke nan: abin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, ɗaya cikin goma ake fitarwa zakka. Na noman rani da aka wahala da ban ruwa, ɗaya cikin ashirin.

Wani malamin makarantar ya so a zana sarƙa a tsinke, alamar fita daga mulkin mallaka. Mun ƙi, kuma ina ganin mun yi daidai. Mutanen nan ba da sarƙa suke tuna zamanin Turawa ba, da haraji da jangali suke tuna shi. Da kaka ake karɓar haraji, da tsabar kuɗi, dole magidanci ya kai auduga ko gyaɗa kan sikeli, in babu ya taɓa hatsin gida. Yau ma akwai sassan Arewa da 'yan bindiga ke hana mutane zuwa gona, ko su sa musu kuɗi kafin girbi. Manomin da ya fita da asuba, ya girbe, ya ɗaure, ya zuba a rumbunsa, ya loda rarar zuwa Tudun Hatsi a Gombe ba tare da neman izinin kowa ba, shi ya fi cancanta a gode wa Allah a kansa. Shi muka sa a tsakiya, tuta na bayansa.

Hadari ya haɗo daga gabas wajen ƙarfe biyar. Fentin mai yana buƙatar awa shida zuwa takwas kafin ya daina kama hannu, don haka muka rataya leda daga saman bangon, muka tokare ta da gora ta yi nisan taƙi guda da zanen. Idan ta manne, ta tafi da launin. Ruwan bai sauka ba. Rubutun ƙasa, shekarun 1960 da 1996, sai gobe da asuba idan baƙin layin ya bushe, kuma an gargaɗi maigadi kada yara su jingina.