Shekarunka nawa, Baba?

A bangon ɗakin da nake duba marasa lafiya, a asibitin sha-ka-tafi na garinmu, akwai wata takarda mai ƙananan gidaje kala-kala da na manna da gam. Jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya ne, wanda ta sabunta a 2019, don ƙiyasta yiwuwar mutum ya gamu da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin shekara 10 masu zuwa. Hukumar ta kasa duniya shiyya 21, kowace da nata, mu namu na Afirka ta Yamma ne. Iri biyu suka fitar. Ɗaya sai an yi gwajin kitsen jini kuma an san ko mutum yana da ciwon suga. Ɗayan kuwa an yi shi ne saboda irinmu da ba mu da ɗakin gwaji, abu biyar kawai yake nema: shekaru, namiji ne ko mace, yana shan taba ko ba ya sha, lambar sama ta awon jini, da nauyinsa idan an gwama da tsayinsa. Ka bi da yatsa har ka sauka a gida ɗaya. Kore na nufin ƙasa da kashi 5 cikin 100, rawaya 5 zuwa 10, ruwan lemo 10 zuwa 20, ja 20 zuwa 30, ja mai duhu kuwa 30 ko fiye.

Asalin wannan lissafi daga wani gari ne a Amurka mai suna Framingham, inda a 1948 aka ɗauki mutum 5,209 aka yi ta bin lafiyarsu shekara da shekaru, har aka gano cewa hawan jini da taba da kitsen jini su ne ke share wa ciwon zuciya hanya. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai su can kowa ya san ranar da aka haife shi.

Ni kuwa tambayar farko ma ita ce ke cin rabin lokacina. Ka ce wa dattijo, "Baba, shekarunka nawa?" ya yi shiru, ya kalli rufin ɗaki, ya ce, "To, za su kai arba'in." Ga gemu fari fat, ga jikansa mai mata biyu da ya kawo shi a babur yana tsaye a bakin ƙofa. Katin zaɓe ba ya fitar da kai, don yawancinsu 1 ga Janairu aka rubuta, shekarar kuma abin da ya zo bakin mai cike takardar ne. Alhali jadawalin daga shekara 40 ya fara zuwa 74, a rukuni na biyar-biyar, kuma babu abin da ke sauya launin gida da sauri kamar shekaru. Kuskuren shekara goma zai iya ɗauke mutum daga ruwan lemo ya ajiye shi a rawaya ko kore, ka sallame shi da murmushi.

Saboda haka na koma tambaya da tarihi. Lokacin da aka kashe Sardauna a 1966, ka yi wayo? Da aka daina kashe fam da sule aka koma naira a 1973, kana zuwa gona ko ana goya ka? Idan ya ce ya tuna ranar da labarin Sardauna ya iso gari, yana yaro yana kiwon awaki, na san ya haura 65 ko da bakinsa na cewa hamsin. Mata sun fi tuna shekarar aure da haihuwar fari. Wata Iya ta ce min an kai ta ɗakin miji shekarar da aka harbe Murtala, wato 1976, sai na ɗora shekarun da aka saba aurar da 'yan mata a lokacin, na ga ta wuce sittin. Ga na ƙasa da su akwai rikicin Maitatsine na 1980 a Kano, da yunwar 1984, da rasuwar Abacha a 1998. Wani lokaci hirar takan yi daɗi har in manta akwai layi a waje, musamman idan aka taɓo farin 1973, don kowane tsoho yana da labarin shanun da suka mutu.

Awon jinin ma akwai rina a kaba. Mutum ya tako daga ƙauyen da ke bayan fadama cikin rana, goro a kumatu, ya zauna yana haki, kai kuma ka naɗa masa abin awo nan take, dole lamba ta tashi. Ƙa'ida ita ce ya huta minti biyar, ya jingina bayansa, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu daidai saitin zuciya, kuma kada ya yi magana ana awo. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, don Bahaushe ba ya iya zama gabanka bai tambayi iyali da gajiya ba. Ina awo sau biyu, kuma in ba lamba ce mai ban tsoro ba, ba na yanke hukunci sai ya sake dawowa wata rana. Akwai kuma batun maɗaurin hannu: idan ya yi wa mai ƙiba kaɗan, sai ya nuna hawan da bai kai haka ba. Tambayar taba kuwa ba na yin ta a gaban ɗa ko suruki, don amsar "a'a" ce ko da yatsu sun yi rawaya.

Inda nake da ja da jadawalin shi ne gidan kore. Kwanaki wata mata da ba ta fi 42 ba ta kawo yaronta mai zazzaɓi, na ce bari in auna ta ita ma. Lambar sama ta kusa 150, ba ta da ƙiba, ba ta shan taba, yatsana ya sauka a kore. In da takardar kaɗai zan bi, sai in ce mata ta je lafiya lau. Amma da na tambaye ta yadda haihuwarta ta kasance, sai ta ce a cikinta na huɗu ƙafafunta sun kumbura, ta yi jijjiga har aka kwana da ita a babban asibiti. Macen da ta yi hawan jinin ciki irin wannan, hatsarin ciwon zuciya da shanyewar jiki yana ƙaruwa mata a gaba, kuma jadawalin bai tambaya ba. Shekara goma kuma gajeriyar tafiya ce ga mai 42. Abin da nake hange shi ne yadda za ta kasance a sittin idan jinin nan ya shekara ashirin yana dukan jijiyoyi da ƙoda ba tare da magani ba.

Haka nan bai san hayaƙin murhu da matanmu ke shaƙa safe da yamma ba, bai san ciwon maƙogwaro na yara da ke komawa ya lalata ƙofofin zuciya ba, bai kuma san kumburin zuciyar da ke kama mai jego ba, wanda likitoci a Zariya suka rubuta a kansa tun shekarun 1970, suna danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta. Ba laifin takardar ba ne, ba don waɗannan aka yi ta ba. Laifin namu ne idan muka ɗauka duk ciwon zuciya ya ƙare a cikinta.

A wajenmu abin da ya fi kayar da mutane shi ne shanyewar ɓarin jiki, kuma babban binciken nan na SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, aka wallafa a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba da tazara mai yawa. Shi ya sa ka'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta yi min daidai: wanda aka tabbatar jininsa ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a fara masa magani, ba sai an jira lissafin hatsari ba. Matar nan na fara mata maganin hawan jini mai suna amlodipine, ƙwaya ɗaya a rana. Jadawalin ina amfani da shi ne wajen sanin wa zan matsa wa ya je babban asibiti a gwada sugarsa da kitsen jininsa, wato duk wanda ya kai kashi 10, da kuma wa zan bi har gida idan ya ɓace.

Sai kuma yadda za ka faɗa wa mutum. Na taɓa ce wa wani manomi, "Baba, cikin mutum goma masu irin yanayinka, ɗaya ko biyu za su iya faɗuwa nan da shekara goma." Ya ce, "Likita, kai ne za ka gaya min abin da zai faru shekara goma? Allah kaɗai ya san gobe." Na ce haka ne, Baba, amma in ka ga hadari ya haɗu a gabas kana da shanyar gero a tsakar gida, kwashewa kake yi, ko da ruwan zai iya bajewa bai sauka ba. Ya yi dariya ya karɓi takardar magani. Karɓar ba ita ce matsala ba. Matsalar sai bayan wata biyu, lokacin da ya ji garau ya ce ya warke, ko kuɗin ya tafi a taki, ko ya koma kemis yana sayen diclofenac na ciwon baya kullum, wanda shi ma yana ɗaga jini. Da yawa kuma sun ɗauka hawan jini ciwon tunani ne, in damuwa ta wuce shi ma ya wuce.

Maganar gishiri kuwa na daina yi da maza. Hukumar ta ce kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Maigida bai san dunƙule nawa aka jefa a miyar kuka ba, don haka nakan ce ya turo min uwargida ko wadda ke da girki. Ranar dawowa kuma nakan sa ta dace da ranar kasuwa, tunda dama zai shigo gari, in rubuta lambar wayar ɗansa a gefen sunansa a rajista, in sa jan biro a ƙarƙashin duk wanda ya faɗa ruwan lemo ko ja.