Abin da tsinkewar sarƙa ta koya mini a injin kwantam

A aikin kammala digirina na biyu a nan Kaduna, na ɗauki matsalar raba unguwanni tsakanin motocin kai ruwan leda uku, daga Kawo zuwa Barnawa, na aika ta ta intanet zuwa injin Advantage, wata kwamfutar kwantam (mai lissafi da dokokin da ke tafiyar da ƙananan ƙwayoyin halitta) ta kamfanin D-Wave na Kanada, da asusun wani abokin binciken malamina. Injin ya fito a 2020 da kubit sama da 5,000 (kubit shi ne ƙwayar lissafin injin, wadda ke ba da sifili ko ɗaya a ƙarshen gwaji), kuma dabarar da yake bi, wadda Kadowaki da Nishimori suka gabatar a 1998, ta yi kama da ta maƙeran Panteka, waɗanda ke barin ƙarfe ya huce sannu a hankali don ya zauna daidai.

Amsoshin farko shirme ne, har wata unguwa ta samu motoci biyu. Kowane kubit yana haɗuwa ne da wasu 15 kawai, saboda haka dole a ɗaure kubit da yawa su zama sarƙa mai wakiltar abu guda. Idan sarƙar ta tsinke, wasu su ce sifili wasu su ce ɗaya, sai manhaja ta bi masu rinjaye, wanda sau da yawa canki-canki ne.

Cikin gaggawa na ƙara ƙarfin ɗaurin fiye da kima. Sarƙa ta daina tsinkewa, amma amsoshin suka ƙara lalacewa, na kwana biyu ina zargin injin. Da na kai wa malamina, ya duba takardar ya ce, "Kai yaro, ka ɗaure akuya har ka hana ta kai baki ga ciyawa." Injin yana matse dukkan lambobi cikin iyaka ɗaya, don haka idan ɗaurin ya yi girma, lambobin matsalar suna ƙanƙancewa har su nutse cikin 'yan kurakuran saitin injin. Tun daga nan nake ƙara ɗaurin kaɗan-kaɗan, in tsaya inda tsinkewar ta ragu ba tare da amsa ta ɓaci ba.

Juya alamomin kubit, wato musanya ma'anar sifili da ɗaya, tsakanin gwaji da gwaji ya rage karkatar injin zuwa gefe guda. Tsawaita hucewar daga mikrosakan 20 (kashi 20 cikin miliyan na sakan) ya taimaka da farko, daga baya ya daina, domin ko a sanyin injin na kusan milikelbin 15, wato dab da iyakar sanyi, akwai sauran ɗumi mai girgiza kubit. Amsar da na miƙa a ƙarshe ma sai da kwamfutata ta cinya ta yi mata kwaskwarima, ta mayar da Unguwar Rimi ga motar Malali.