Abin da kwas ɗin Tsohon Alkawari ya koya min kan ɗaukakar Ubangiji

Semestan da ya wuce mun yi kwas kan Tsohon Alkawari, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda Ibraniyawa a can da suka fahimci ɗaukakar Ubangiji. Mu a waƙoƙin coci ɗaukaka abu ce da muke ba Allah da baki, su kuwa a wajensu sauka take yi a wuri, a gan ta kamar wuta cikin gajimare, kuma in ta sauka mutane ne ke ja da baya. A Fitowa 40 da ta cika alfarwa ta sujada Musa da kansa kasa shiga ya yi. Haka ranar da Sulemanu ya keɓe Haikali, firistoci sun kasa tsayawa su yi hidima.

Musa ma da ya roƙi a nuna masa ita a Fitowa 33, cikin tsagar dutse aka sa shi aka rufe shi da hannu, baya kawai ya gani. Wani abokina Musulmi ya tuna min a Suratul A'araf ma Annabi Musa ya yi irin wannan roƙon, sai dai can dutsen ne ya niƙe, Musa kuma ya faɗi sumamme.

Amma gaskiya Ezekiyel ne ya fi rikita min lissafi. Firist ne fa, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe su zuwa ƙasarsa a 597 kafin haihuwar Almasihu, to mutumin da aka rena kan cewa mazaunin ɗaukakar nan Urushalima ne sai ga shi ya gan ta a bakin kogin Kebar, ƙasar maƙiya, kan kursiyi mai ƙafafu kamar na karusa suna tafiya duk inda suka nufa ba tare da sun juya ba. Lakcaranmu ya ce mu riƙe ƙafafun nan da kyau, kursiyin na tafiya ne. A sura 8 aka kai shi Haikali cikin wahayi ya ga ɓarnar da ake yi, mata na kukan wani gunki mai suna Tammuz, maza wajen 25 sun ba Haikali baya suna yi wa rana sujada. Daga nan ɗaukakar ta fara tashi, kuma yadda ta tashi ɗin ne ya taɓa ni, don ba fit ɗaya ta fice ba, ta tsaya bakin ƙofar Haikali, ta matsa ƙofar gabas ta sake tsayawa, sannan ta koma kan dutsen da ke gabashin birni, kamar mai gida da ya fita yana waiwaye ko wani zai ce masa ya dawo. Bayan ƴan shekaru sojojin Babila suka ƙone ginin ƙurmus. A ganina Ezekiyel yana gaya wa mutanensa ne cewa ba a ci Allahnsu da yaƙi ba, kango aka ƙone, mai wurin ya riga ya tashi.

Tun zamanin firist Eli ma an ɗanɗana haka, da Isra'ilawa suka ɗauki akwatin alkawari zuwa fagen fama suna ganin ai dole a ba su nasara, Filistiyawa suka ƙwace shi, matar Finehas ɗan Eli tana naƙuda tana cewa ɗaukaka ta rabu da Isra'ila.

Inda muka yi ta musu a aji shi ne dawowarta. Ezekiyel 43 ya gan ta tana komowa ta ƙofar gabas ɗin nan, amma da aka keɓe Haikali na biyu, wanda aka gina bayan dawowa daga Babila, a Ezra 6 babu labarin gajimare ko kaɗan, tsofaffin da suka san na farko ma kuka suka yi tun ana sa harsashi. Haggai ya ce ɗaukakar na bayan za ta fi ta na farkon, malaman Yahudawa kuma daga baya a Talmud suka lissafa zaman Allah cikin abubuwan da babu a Haikali na biyu. Asaimen ɗina kan wannan saɓanin na rubuta shi, lakcara ya dawo min da shi da jan biro wai in ƙara karanta Zakariya 2.