Abin da bazara da damina suka koya mini a wurin aiki

Aikina duba marasa lafiya ne a wani ƙaramin asibitin unguwa a cikin birnin Kano, kuma na lura cewa ƙorafin mutane yana bin yanayi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ga kuma rashin wuta, abin da na fi ji shi ne ciwon kai, rashin barci da saurin fushi. Magidanci zai ce ya daka wa 'ya'yansa tsawa, shi kansa bai san dalili ba.

Damina ce ta fi ba ni tausayi. Matan da ke zaune a gidajen ƙasa, da zarar hadari ya haɗo da daddare, sai su kwana a zaune, ido na kan katanga, yara a jikinsu. Da safe su zo da faɗuwar gaba. Haka wasu 'yan kasuwa bayan ruwan da ya shiga Kantin Kwari a 2022: kaya sun jiƙe, bashi yana nan, jini ya hau. Don haka kafin na rubuta magani nakan tambaya, "Baba, yaya gidan da ruwa?" Sau da yawa a nan ne maganar take fitowa.

Kusan kowa yakan fara da "haka Allah ya so". Gaskiya ne, kuma wannan tawakkalin yana riƙe mutane sosai. Amma idan na yi shiru na ɗan jira, sai sauran abin da ke cin zuciyar ya biyo baya, har da hawaye. Wasu kuma fushi suke da shi, saboda an cike kududdufan da ke shanye ruwan unguwarsu an yi gini a kai. Ban ga laifinsu ba, kuma ba ƙwaya ce maganin wannan ba.

Waɗanda suka fita aikin gayya aka yashe kwatoci, ko suke bin hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa (NiMet) a rediyo su kwashe kaya da wuri, sun fi samun barci. Wanda kuwa damuwa ta hana shi ci da sana'a makonni, nakan tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Sunan Dawanau yana firgita iyalai, shi ya sa nake kiran mijin ko babban ɗa mu zauna tare kafin na ba da takardar.